Bawul a Cikin Burodin Maraɗi

Tun ranar da na dawo daga Maraɗi ban sake aiki cikin kwanciyar hankali a shagona ba. Mutum zai shigo da rediyon da lafiyarsa ƙalau, ya ajiye a kan tebur wai yana shaƙewa, sannan ya gyara zama a benci ya ce to Tanimu, yaya ƙasar Faransa? Haka mutanenmu ke kiran tsallaken boda. A kasuwar Ikara na ji an ce ɗaure ni aka yi. Kafin labarin ya kai Makarfi ya yi ƙiba, wai guba na sa wa soja a burodi. Matata ma da ta ga dawowata da idonta ta fara tambaya ko akwai abin da na ɓoye mata. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, daga tashi har dawowa. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, wallahi sai na kwance masa rediyo na bar masa a haka.

Dole in fara da Baba Yohanna na Kudan, don ba don shi ba, ni da Maraɗi sai dai in ji sunanta a labarai. Shi ya koya mini gyaran rediyo, shi ya fara ɗora mini ƙarfen dalma a hannu. Tsohon soja ne, a sashen sigina ya yi aiki, wato masu aika saƙo ta iska. Da ya yi ritaya ya koma gida ya kama noman rake, amma ciwon sigina bai sake shi ba. A wani ɗan ɗaki bayan zaurensa yana da akwati biyu, ɗaya na ji, ɗaya na aikawa, da eriyar waya da ya ja daga kan mangwaro zuwa wani dogon gora. Batirin babbar mota ke ba su wuta. Yana cikin mutanen nan da gwamnati ke ba lasin su yi magana da irinsu na wasu garuruwa da wasu ƙasashe, don sha'awa kawai, ko sisi ba a samu a ciki.

Sha'awar kuwa dokokinta sun fi na makarantar kwana yawa. Kowa da lambar kiransa, da ita zai buɗe baki, da ita zai rufe. Ba ciniki, ba siyasa, ba waƙa, ba magana a dunƙule, ba a isar da saƙon wani. Wanda ba shi da lasin ba ya taɓa makirfo. In ka faɗi abin da ya kawo ka, ka ce oba ka saki maɓalli, don hanyar ba ta gidanku ba ce. Da soja suka karɓi mulki abin ya ƙara tsanani. 'Yan tsirarun da Baba ya sani a Zariya da Kaduna, wasu aka rufe musu na'ura, wasu suka kwance eriya da kansu suka ba matansu suna shanya a kai. Shi an bar masa tasa saboda sunansa na cikin tsofaffin 'yan sigina da bariki ke iya kira su taimaka in ambaliya ta yanke hanya ko wayar gwamnati ta mutu. Jefi-jefi wani kyaftin yakan zo ya duba ko an ƙara wa na'urar ƙarfi, ya sha rake, ya kama gabansa.

Baba yana da aboki a Maraɗi, Malam Isufu, tsohon ma'aikacin gidan waya. Tun kafin in yi aure suke magana kowace Lahadi da yamma, bayan Baba ya dawo daga coci ya huta. Ba su taɓa ganin juna ba. Hirar ma in ka ji ta sai ka yi dariya: lambar kira, ina jinka da kyau, an yi ruwa a nan, mu ba a yi ba, oba. A kan wannan suka tsufa tare.

Sai bawul ɗin akwatin aikawa ya mutu. Bawul wata 'yar kwalbar gilashi ce, ba ta kai kwalbar lemo ba, ita ke ba murya ƙarfin tashi. Na duba Sabon Garin Zariya, na duba Kano, babu. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, madara da sabulu ma sai an yi layi soja na tsaye da bulala, wa zai shigo da kwalbar tsofaffi? Akwatin ji kuwa lafiyarsa lau, kuma nan masifar take. Kowace Lahadi Baba zai zauna ya ji Malam Isufu yana kiran lambarsa, ya saurara, ya sake kira, ya kashe. Yana ji, ba shi da bakin amsawa. Ya rubuta wasiƙa, amma boda na rufe, ba mu ga alamar ta isa ba. Wata Lahadi ina wurin muka ji Malam Isufu ya karya doka, ya ce in kama ka aka yi Allah ya fid da kai, in kuma riga mu ka yi Allah ya sa ka huta. Baba ya kashe akwatin ya juya fuskarsa bango. Mama Saratu, matarsa, ta gaya mini ranar ko tuwo bai taɓa ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Da aka buɗe boda Baba ya aika a kira ni. Ƙafafunsa sun kumbura, ko coci sai an tura shi a kan keke, balle Maraɗi. Ya ce Malam Isufu ya taɓa gaya masa yana da irin bawul ɗin a ajiye. In je in ce masa yana raye, in karɓo, ya samu ya amsa kiran nan ko sau ɗaya kafin ta Allah ta kasance. Ya ba ni kwafin lasinsa da takardar da kyaftin ya sa wa hannu cewa an yarda a shigo da bawul ɗin.

"Ka riƙe shi a fili," in ji shi. "In an tambaye ka, nuna takarda. Na yi soja, na san su. Abin da aka ɓoye musu shi suke tsoro."

Na ce to Baba, irin to ɗin da ake ce wa babba hankali na wani wuri. Hankalina na kan kayan da zan sa. Mama Saratu ta ɗaure mini mazarƙwailar Kudan in kai tsaraba.

Na fito da babbar rigar aurena, fara sol, don ƙasar waje zan je, kada a raina Ikara. A Tashar Yari na samu mota zuwa Kano, aka matse ni tsakanin buhun barkono da wani bawan Allah mai barci da baki buɗe. Na yi atishawa har Kwanar Dangora. A tashar Kano na tarar da layin shiga mota a miƙe sambal, soja na zagayawa. Wani ɗan gaye mai ƙaton takalmi ya tsallake layi, aka sa shi tsallen kwaɗo yana riƙe da kunnuwa. Ni Tanimu, da bakina, na ce Allah ya ƙara, maganin marasa tarbiyya ke nan. Har na juya ina neman wanda zai taya ni dariya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A motar Katsina na haɗu da Hajiya Tabawa, 'yar kasuwa mai kai atamfa ta dawo da abin da ba a tambaya. Mace ce mai jiki da haƙorin Makka, ta san kowane shinge, ta san wane soja ne matarsa ta haihu. Kafin mu kai rabin hanya ta san sunana, da sana'ata, da abin da zan je ɗaukowa, ni kuwa ko garinsu ban sani ba. Ita ta lura ƙudaje sun fi son wajena. Ashe mazarƙwaila ce ta narke a jaka ta biyo cinyata, ta zana taswira a farar riga. Na wanke a Jibiya, taswirar ta ƙi fita, ta dai koma ruwan ƙasa. A gidan fatoman Hajiya, mai saukar da fatake, muka kwana, ni a zaure tare da buhuna da wani rago da ya ƙudura sai ya ɗanɗani rigar. Da safe aka kawo koko da ƙosai, na ci ina harararsa.

Ɓangarenmu na boda ba a wahalar da ni ba. Aka tambayi me zan je yi, na ce ziyara, aka dubi rigata aka tausaya mini. Ɓangarensu ne na ga wani salo. Sojanmu in zai tsare ka sai ya yi tsawa gari ya ji. Jandarmansu, wato ɗan sandan can, ba ya ɗaga murya. Ya karɓi takardata ya karanta daga sama har ƙasa, ya juya bayanta inda babu rubutu, nan ma ya karanta. Hajiya ta riga ta koya mini cewa duk abin da aka faɗa da Faransanci in ce wi. Ya yi tambaya na ce wi, ya sake yi na ce wi, ina murmushi irin na wanda ya saba fita waje. Sai ga ni a wata rumfa an naɗe mini hannun riga, wani malamin asibiti ya soka mini allurar rigakafi da na riga na yi a Ikara. Ina fitowa ina murza dantse jandarman ya miƙo mini takardata, ya ce da Hausar da ta fi tawa tsabta, sauka lafiya Malam, da ka ce ba ka jin Faransanci ai da mun yi ta gida.

Mun shiga Maraɗi rana tsaka, na tarar gari ya mutu. Kantuna a rufe, ofisoshi a rufe. Na tambayi direba wane babba ne ya rasu, ya ce barci suka tafi, haka suke kowace rana, sai ta yi sanyi a dawo aiki. Na ce ikon Allah, a Ikara in aka kama ma'aikaci yana barci da rana a zamanin nan ai sai dai iyalansa su ji labari. Abu na biyu da ya ɗaure mini kai shi ne burodi. Dogo ne sai ka ce taɓarya, ɓawonsa da tauri, ba leda ba takarda, kowa ya saƙala a hammata yana tafiya. Mu da fulawa ta zama zinariya a gida, burodin ya koma kamar sabulun wanka don ƙanƙanta, na tsaya ina kallo har na ji kunyar kaina.

Ba ni da adireshin kirki, sunan unguwa kawai Baba ya sani. Amma na ce mai gyaran rediyo ba ya ɓata, eriya zan nema. Na shiga unguwa ina tafiya ina kallon sama. Na yi karo da amalanken jaki, na ba jakin haƙuri, na taka kwata da ƙafar dama. Mata a ƙofar gida suna ta nuna ni. Duk da haka dabarar ta yi aiki, can na hango waya miƙe daga kan bishiyar bedi, wato dogonyaro, zuwa wani ƙarfe, da 'yan kwalabe a bakinta, irin ɗaurin Baba sak.

Muryar Malam Isufu a akwati ƙatuwa ce, na zaci zan ga basamude. Sai ga wani ɗan tsamurmurin tsoho da tabarau ya leƙo. Na durƙusa na gaishe shi, na ce daga Kudan nake, daga gidan Yohanna. Bai amsa gaisuwar ba. Ya dafa ƙyaure, ya cire tabarau, ya ce a hankali, "Yaushe aka yi?"

"Ba a yi ba, Baba. Yana nan da ransa. Bawul ne ya mutu. Duk kiran da kake yi yana ji."

Tsohon nan ya zauna a dandaryar ƙasa ya yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan dariyar ta ƙare hawayen suka ci gaba. Da ya samu kansa sai ya hau zagin wanda ya ƙera bawul, da wanda ya rufe boda, da gidan wayar da ya yi wa bauta. Ya ce har sadaka ya yi wa Yohanna, ya rasa ma ko ana yi wa Kirista, ya dai yi.

An karɓe ni hannu biyu. Aka ba ni ɗakin na'ura in kwana, ɗaki fes, lasin a cikin gilashi a bango kusa da hoton Ka'aba. Tuwon gero da miyar kuka kamar a gida, fura kuwa tasu ta fi tamu nauyi, in ka sha sai ka nemi bango. Abin da ya gagare ni shi ne wani ɗanyen ganye da aka yayyanka aka zuba wa mai da albasa, wai salak. Na jira a ɗauka a kai wuta, na ga mai gida ya sa hannu. Na ci don kunya, ina tuna akuyata. Shayi kuma a ɗan kofin da bai fi murfin kwalba ba, zagaye bayan zagaye. Na kurɓe na farko na miƙe na yi godiya, aka jawo rigata aka ce ba a tashi sai an sha na ƙarshe. Wuta ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba, har na fara zargin fitilar.

Malam Isufu ya buɗe wata gwangwani ya fito da bawul a naɗe cikin auduga. Ya ce shi ke nan ya rage masa, ya ajiye wa tasa na'urar ne, amma me zai yi da na'ura in babu mai amsawa. Ya ce in tsaya har Lahadi, Yohanna ya ji da kunnensa cewa na iso.

Ranar Lahadi da yamma ya kunna akwatuna, suka yi zafi, ɗaki ya ɗauki ƙamshin nan na ƙura da dalma da na sani tun ina koyo. Ya ja mini kunne sosai. Ya ce su ma soja ke mulkinsu, kuma akwai masu sauraro. Ba ni da lasin, bai kamata in taɓa makirfo ba, amma zai ba ni numfashi ɗaya. In ce na iso, na karɓi kaya, ina tafe, oba. Ya sa na maimaita. Na ce haba Baba, ni fa a gidan sigina na tashi.

Ya kira lambar Baba Yohanna, ya ce yana da baƙo daga Kudan, ya miƙo mini makirfo. Jama'a, ban san lokacin da na zame daga kujera na durƙusa ba. Tunanin cewa Baba na can zaune yana ji shi ya kwance mini kai. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa wanda ya rene ni na karɓi kaya, kamar ɗan dako? Na danna maɓalli na ce Baba ina wuni. Na saki, na jira. Shuuu kawai akwati ke yi. Na ba shi daidai lokacin da yakan ɗauka ya ce lafiya lau Tanimu, na sake dannawa na ce ina gajiya. Na jira. Yaya ƙafa. Na jira, wannan na daɗe, don na san in aka taɓo ƙafa sai ya yi bayani. Yaya Mama. Yaya rake. Malam Isufu yana nuna mini agogo, yana yanka wuyansa da yatsa, ni kuwa na shiga gaisuwa ba fita, har na kai ga maƙwabta. Ya fizge makirfo, ya faɗi lambarsa, ya kashe. Ban ce na karɓi kaya ba, ban ce ina tafe ba, ko oba ɗin ban ce ba.

Na tsaya tsuru-tsuru ina jiran faɗa. Ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya tambaye ni, da nake sakin maɓalli ina shiru, wa nake jira, tunda na san mutumin ba shi da bakin amsawa. Na ce ai yana amsawa, mu ne ba ma ji, kuma ba a katse babba yana tsakiyar amsa gaisuwa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce Allah ya shirye ka, ya fita alwala. Kunya ta hana ni cin tuwon kirki ranar.

Washegari a tasha wa zan gani? Hajiya Tabawa, kaya sun ninka. Na nuna mata bawul da takarda ina taƙama. Ta kama haɓa. Ta ce ɗan nan kana da hankali kuwa? Ana ta raɗe-raɗin juyin mulki, kai kuma za ka tunkari shingen soja da kwalbar oba-oba a hannu? Ta ce kafin a karanta takardarka an karanta maka ta lahira. Ta kawo labarin wani da aka kama da abin da bai kai wannan ba, har yau ba a gan shi ba. Na tambayi sunansa, ta ce ba a faɗa. Maganar Baba ta zo mini, na ture ta, na ce shi ya yi soja a zamanin da, Hajiya kuwa kwanan nan ta bi hanyar nan. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to ni ko kututture ban hau ba.

Dabarar burodi kuwa tawa ce, kada a ɗora wa Hajiya. Na sayi mafi kauri, na yanke kai, na ƙwaƙule ciki, na zura bawul da audugarsa, na toshe da ɓargon burodin na mai da kai. Aiki ya yi kyau, ko mai gidan burodin ba zai gane ba. Na saƙala a hammata kamar ɗan gari. Jandarma bai kalle shi ba. Kwastan ɗinmu suka zazzage jakata, suka bar burodi a kan cinyata. Na soma tsara yadda zan ba da labarin a Ikara.

Bayan Jibiya akwai wani ɗan shinge na ganga da katako. Wani soja siriri, wuyansa na yawo a cikin kwala, ya leƙo ta taga. Bai nemi takarda ba, bai nemi komai ba. Idonsa ya sauka a kan burodi ya ƙi tashi. Ya ce Malam, an kawo mana tsaraba ke nan? Kafin in haɗa amsa ya zare shi. Kuma ku ji abin da ya fi ci mini rai, yaron kirki ne. Ya ce ba zai cinye mini duka ba, mu raba. Ya ɗaga gwiwa ya karya.

Na ji ƙarar a cikin haƙorina, ƙas. Shi bai ji ba, ɓawon burodin ma haka yake ƙara. Ya miƙo mini rabi, ya ɗaga nasa zai kai baki, ina hango gilashi na ƙyalli a cikin auduga. In na yi shiru ya haɗiyi kwalba, in na yi magana na tona kaina. Ban ma gama tunanin ba hannuna ya fita ta taga ya kaɗe burodin daga bakinsa, ina ihu kada ka ci.

Ka doke hannun soja a shinge, a wannan zamani. Na ji bindigogi suna ɗanawa. Aka finciko ni waje ta wuyan riga. Na waiga neman Hajiya mai sanin kowa, na ga ta ja mayafi ta rufe fuska tana jan carbi, ba ta taɓa ganina ba. Sajansu ya zo, wani dattijo mai furfura a gashin baki. Ya tsuguna ya tona burodin da tsinke, ya ɗago gindin bawul, ya tambaye ni na mene ne. Na zaro takarda na miƙa masa. Ya karanta, ya dubi hatimi, ya dube ni.

"Kana da wannan a aljihu, ka sa kaya a burodi?"

Na ce ranka ya daɗe, shawara aka ba ni. Ya ce da na nuna takardar nan da ya sara mini ya buɗe shinge da kansa. Ya ce ba zai tsare ni ba tunda na ceci yaronsa, amma wauta irin wannan ba a barinta ta wuce haka nan. Kama kunne. Daga ganga zuwa wata bishiyar aduwa, in je in dawo. Na yi tsallen kwaɗo a cikin babbar rigar aurena mai taswira, mota guda na kallo. Ina tsalle ina tuna ɗan gayen Kano, na ce Allah ka yafe mini, shi ma ya yafe mini. Da aka sallame ni sojan nan siriri ya kawo mini ruwa a kofin silba, ya ce a hankali na gode Malam. Hajiya ba ta buɗe fuska ba sai da muka shiga Katsina, ta ce ai ta gaya mini hanyar nan sai addu'a.

Cinyoyina sun warke kafin zuciyata. Na sauka Ikara na shige ɗaki na ce zazzaɓi nake. Ciwon tsalle da dariyar mutane duk ƙanana ne. Abin da ke cina shi ne tsoho biyu sun ɗora begensu a kaina, ɗaya ya ba da bawul ɗinsa na ƙarshe, ɗaya na zaune yana jiran ya buɗe baki, ni kuma na kai abin gwiwar soja. Amma ba a ɓuya har abada. Ranar Lahadi na hau keke na nufi Kudan da gindin bawul a aljihu.

Mama Saratu ta tare ni a zaure tana tafa hannu. Ta ce waccan Lahadin da muryata ta fito daga akwati ta saki muciya ta ruga ta kira maƙwabta. Ta ce ina cewa ina wuni, Baba ya gyara zama ya ce lafiya lau Tanimu. Duk gaisuwar da na yi sai da ya amsa, ya yi mini bayanin ƙafa tiryan-tiryan, yana rufe baki ina jefo ta gaba, kamar ina ɗakin. Ta ce ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Na shiga ɗakin na'ura na durƙusa, na ajiye gindin bawul a gabansa, na faɗi yadda aka yi ban rage komai ba. Ya juya shi a tafin hannu. Na ga ya riga ya share akwatin aikawa, ya buɗe murfi, ya goge mazaunin bawul yana jira. Wannan ya fi tsallen kwaɗo zafi. Ya tambaya ko sojan ya ci, na ce a'a. Ya ce to madalla, ya mai da murfin ya ɗaure. Sai ya kunna akwatin ji, don lokaci ya yi.

Muryar Malam Isufu ta cika ɗakin. Ya kira lamba, ya ce oba, ya saurara. Ya sake kira, ya saurara. Ni dai na sunkuyar da kai, na san daga nan sai ya kashe. Bai kashe ba. Ya yi gyaran murya ya ce ya ga ɗan aiken da idonsa, mutumin da ke tafiya yana kallon sama, don haka in kaya ba su iso ba, ba abin mamaki ba ne. Amma yanzu ya san ana jinsa. Sai ya ce, "Yohanna, ina wuni?" Ya saki maɓalli.

Baba ya miƙa hannu ya ɗauki makirfonsa da ba ya aiki, ya danna. "Lafiya lau, Isufu."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya ƙafa?"

Nan Malam Isufu ya bar fili mai tsawo, akwati na ta shuuu, Baba na bayani, ta dama ta fi ta hagu, amma an samu sauƙi. Mutumin da ya yi shekaru bai taɓa wuce numfashi ɗaya a iska ba, ga shi ya tambayi Saratu, ya tambayi rake, ya yi godiyar mazarƙwaila. Na kasa daurewa, na matso na ce Baba don Allah ka yafe mini, zan koma, zan nemo wani ko a ina yake.

Ya ɗaga mini hannu bai ko waiwayo ba.

"Yi shiru, Tanimu. Ba ka ji ana gaishe ni ba?"